Aikin Gidan 'Yar Fari

Shekarar da na shiga jami'a a Zinder, a gidan yayata na sauka, cikin Birni. Daga Gidimuni na zo da jaka ɗaya ta tufafi da kwalaye na littattafai, kuma da mijinta ya ga kwalayen sai ya ce ai an samu malami a gida. Shi Babarbare ne, ɗan kasuwa, yana saro tattasai daga wajen Diffa, in ya tafi sai ya yi makonni bai dawo ba. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, ya ce abu ɗaya kawai yake so daga gare ni: in riƙa zama da 'yarsa tana yin aikin gida na lekol, wato makarantar boko. Na ce to, da saurina. A ganina babu aikin da ya kai wannan sauƙi, domin ni tun ina yaro ba a taɓa ce mini in zauna in yi karatu ba. Abin da ake ce mini shi ne in ajiye littafi in fita waje kamar sauran 'ya'yan mutane.

Yarinyar tana aji uku a lokacin, siririya, idanunta ba sa tsayawa wuri ɗaya. Ita ce 'yar fari, don haka yayata ba ta kama sunanta, ba ta yabonta, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta san ko ta ci abinci ko ba ta ci ba. "Waccan" take ce mata, in ta matsu ta ce "yarinyar nan". Haka muka ga iyayenmu suna yi a ƙauye, kuma yayata ta riƙe wannan kunya fiye da yadda matan birni ke riƙe ta yanzu. In tana da magana a kan yarinyar, sai ta juya wa mutane baya ta faɗa wa tukunyar da ke kan murhu. Wanda ya ji, ya ji.

Ranar farko na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, na jera bik, wato biro, da alli da kaye ɗinta, littafin rubutu, a layi, na zauna na harɗe ƙafafu kamar wanda za a ɗauka hoto. Aikin ba ɓoyayye ba ne: a kwafe darasi shafi guda, a yi lissafi, a haddace 'yar waƙar Faransanci da za a karanta gobe a gaban aji.

Ta ɗauki bik, ta dube ni.

"Kawu, me ya sa kunnenka ɗaya ya fi ɗaya girma?"

"Rubuta."

Ta rubuta kalma biyu. Akuya ta yi kuka a turke, ta tashi ta je ta duba. Ta dawo, ta manta inda ta tsaya, ta sake rubuta kalmomin nan biyu. Mai kabu-kabu ya wuce a lungu, ta gaya mini ko wane ne daga jin ƙarar mashin ɗinsa kawai, da sunan matarsa, da abin da ya karya masa haƙori. Murfin bik ya ɓace, aka same shi a bakinta. Da aka kira magariba muna da layi huɗu, biyu daga ciki iri ɗaya, ni kuma kaina yana sarawa kamar na yini a rana.

Na ɗauka da gangan take yi. Sai da na ga wata rana tana kuka a kan shafin, tana danna bik da ƙarfi har takarda ta huje, tana cewa ita ma so take ta gama, sannan na fara shakka.

Malamarsu, wadda kowa ke kira Madam, tana da doka: shafin da ba a gama ba, gobe ya zama biyu. Ga yaron da ke wasa da aiki, wataƙila dokar tana da amfani. Ga tamu yarinyar, tari kawai take yi. Biyu suka zama huɗu, ga sabon aikin ranar a kai, ga haddar Islamiyya da ke jiranta da dare. Kowace safiya kuma akwai 'yar sanda a tafin hannu ga wanda bai gama ba.

Na shiga neman mafita irin ta mutumin da bai san komai ba sai kansa. Na tambayi kaina me ke sa ni karatu, na ce shiru da tsari. Saboda haka na zana jadawali mai kala uku, na manna a bango. Na kwashe komai daga ɗakina, har madubi da kalanda, na rufe taga da zani, na kori ƙannenta, na sa aka ɗaure akuya can bayan ɗaki na wannan yinin. Na shigar da ita ɗakin nan da babu abin kallo a cikinsa ko ɗaya, na rufe ƙofa, ina jin daɗin kaina.

Ta gano layin tururuwa a gindin bango. Da na share su, ta gano zaren da ya fito a bakin tabarma. Da na naɗe tabarmar, ta warware bik ɗin gaba ɗaya, ta jera kayan cikinsa a ƙasa, ta tambaye ni ko na san yadda tawada ke saukowa. Ban sani ba. Shi kuwa jadawalin, ita kaɗai ta karanta shi da kyau, domin ita ce ta nuna mini na manta ban sa lokacin cin abinci ba.

Daga nan na koma waya. Na karanta abubuwa da yawa da Faransanci a kan yaran da hankalinsu ba ya zama wuri ɗaya, na samo wa abin suna mai tsawo, na ji kamar na gano rijiya. Kafin mako ya ƙare na ga alamun a jikin mai shayin bakin titi, da ladanin unguwa, da wani malaminmu na jami'a. Wani abokina da ke karatun jinya ya ce in sassauta, wannan ba abin da ake ganewa ta waya ba ne, sai likitan da ya san fannin ya duba yaro, kuma irinsu ba a kowane gari suke ba. Har yau ba wanda ya duba ta, don haka ba zan ce ga abin da ke damunta ba.

Duk da haka na je na tsaya a bakin madafa na yi wa yayata bayani, da manyan kalmomi. Ba ta juyo ba. Ta ɗaga murfin tukunya, ta ce wa miya:

"Wasu an kai su jami'a sun koyo wa ƙiriniya sabon suna. Allah ya sa sunan ya iya rubutu."

Ana cikin haka maigidan ya dawo daga tafiya. Ya karɓi karne, takardar sakamakon jarrabawa, ya ga yarinyar tana can ƙasa kusa da na ƙarshe. Bai yi faɗa ba. Ya kira ta, ya buɗe tafin hannunta, ya daɗe yana duba jan da ke ciki. Kafin dare ya yi ya same ni a zaure.

"Malam ƙarami, wannan abu ba ya yi. Kullum duka, karatu babu. In na dawo daga wannan tafiyar ban ga canji ba, Gidimuni za ta, wajen tsohuwarku. Ga lambu, ga tafki, ta yi ta gudunta ba mai dukanta."

Na san abin da hakan ke nufi. Tsohuwarmu za ta so ta kamar ranta, amma ba za ta iya tilasta mata zuwa lekol ba ranar da ta ce ba ta so, kuma ranakun za su yi yawa. Za ta bar uwarta, za ta bar karatu. Ina da amsa a cikina, amsa mai kyau ma. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"To, Yaya."

Yayata tana jin mu daga tsakar gida. Ba ta ce komai ba, ko ga tukunya. Uwa ba ta tsayawa ta roƙi miji a bar mata 'yar fari a gabanta, mutane za su ce ba ta da kunya. Ranar dai tuwon ya kama, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Maigidan ya tafi. Ni ma jarrabawata ta matso, ina karanta ilimin ƙasa, ga darussa masu yawa da za a haddace. Ina da wata ɗabi'a da nake ɓoyewa: ba na iya hadda sai ina tafiya. Ɗalibai da yawa suna yi a fili, a bakin titi, amma ni kunya nake ji a gan ni ina magana ni kaɗai. Sai in bari gida ya yi tsit da rana, in riƙa kai da kawowa tsakanin randa da ƙofar zaure, hannu ɗaya a baya, ina karantawa a hankali. Ban san ina ɗan ɗaga kafaɗa a ƙarshen kowace jimla ba sai ranar da na juya na ga yarinyar a bayana, hannu ɗaya a baya, tana ɗaga kafaɗa, ƙannenta suna birgima don dariya.

Na kore ta. Washegari ta dawo. Na gaji na ƙyale ta.

Bayan 'yan kwanaki muna cin abinci sai na ji ta tana yi wa ƙaninta bayanin yadda ruwan sama ke zaizaye ƙasa, da Faransancin jami'a, jimla bayan jimla, har da inda nake tsayawa in yi tari. Ba ta san ma'anar rabinsa ba, amma ba ta tsallake komai ba. Ni mai darasin ban riƙe shi haka ba. Wannan ita ce yarinyar da muka yi yamma uku a zaune ba ta riƙe baiti huɗu na waƙar lekol ba.

Na so in ce dabara ce na ƙirƙiro, kuma na faɗa wa abokaina haka a lokacin. Gaskiyar ita ce kwaikwayona take yi don ta ba yara dariya.

Muka mayar da hadda ta zama tafiya. Ni a gaba, ita a baya, muna zagaya tsakar gida da waƙar lekol da jadawalin ninkawa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambayar yayata ko lafiya ƙaninta yake. Lissafi kuma na koma ba ta ɗaya ɗaya a kan allonta, maimakon ta ga shafi cike ta firgita. Kwafi ne ya gagara. Na raba shi: ta rubuta layi biyu, ta ruga ta taɓa ƙofar zaure, ta dawo ta rubuta biyu. Hakan yana fitar da aikin rana ɗaya in an yi sa'a. Amma tsohon tarin da dokar Madam ta haifa yana nan, yana ƙaruwa duk ranar da muka gaza, kuma ba yawan gudu zuwa zaure da zai cinye shi.

Wata yamma yayata tana tankaɗe, ta ce wa rariya:

"Da a ce gidan nan akwai mai baki, da ya je lekol ɗin nan ya ga malamar."

Na duba hagu da dama. Daga ni sai akuya.

Ni mutum ne da in mai shago ya ba ni abin da ban tambaya ba, sai in karɓa in yi godiya. A aji ban taɓa ɗaga hannu ba, ko da ni kaɗai na san amsa. Zuwa gaban malama, babbar mace, in ce mata aikinta ya yi yawa, ya fi mini jarrabawar ƙarshen shekara nauyi. Don haka na yi abin da na iya: na rubuta jawabi. Da Faransanci na rubuta shi, da gabatarwa, da hujjoji kashi uku, da kammalawa, yadda aka koya mana. Na gyara shi har ya yi santsi. Sannan na shiga haddace shi tsakanin randa da ƙofar zaure, ba tare da na tsaya na yi tunanin wa ke bayana ba.

Zuwana na farko na kai bakin ƙofar lekol, na ga yara sun fito hutu, na sayi awara wajen mai tuya, na koma gida. Na biyu na shiga har cikin fili, wani malami ya tambaye ni wa nake nema, na ce ina tsammanin na yi ɓatan hanya. Ranar da yayata ta raba abinci, naman da ke cikin kwanona ya ragu ƙwarai.

A na uku yarinyar ce ta riƙe hannuna tun daga gida, ba ta sake ni ba sai a ƙofar ajinsu. Na sa rigata mai kyau, na rataya jaka da babu komai a ciki sai jawabin. Ajin cike yake, yara uku huɗu a benci ɗaya, wasu a ƙasa. Bencinta na can baya, jikin taga mai kallon titi, inda duk mashin da ya wuce sai ya gaishe ta. Madam tana rubutu a allo, mace mai jiki, alli har gwiwar hannunta. Ta juyo, yara suka miƙe suka gaishe ni baki ɗaya, abin da ya ƙarasa kashe ni.

"Sannu da zuwa. Lafiya?"

Na gaishe ta. Ta amsa. Na sake gaishe ta, na tambayi aiki, na tambayi gida, na tambayi zafi. Da gaisuwa ta ƙare sai na tarar babu komai a kaina. Na san jawabin yana farawa da godiya, amma ko kalmar farko na rasa. Na tsaya ina murza igiyar jaka, idanun yara duka a kaina.

"Madam, kawuna ne," in ji yarinyar. "Magana ya zo da ita. Ya haddace, mantawa ya yi."

Kafin in hana ta, ta sa hannu ɗaya a baya, ta fara tafiya daga ƙofa zuwa tebur. Ta yi godiya ga Madam bisa ƙoƙarinta wajen tarbiyyar yara. Ta ce za ta kawo hujjoji uku. Ta kawo ta farko, cewa shafin da aka ninka ba ya ninka hankalin yaro, ta ɗaga kafaɗa, ta juya. Ta kawo ta biyu. A ta uku ta yi ɗan tari daidai inda nake yi. Yara ba su gane Faransancin ba, amma sun gane tafiyar, domin ga mai ita nan tsaye a gabansu da kafaɗa a ɗage. Da ta kai kammalawa ta rusuna kaɗan, kamar yadda na tsara zan yi.

Madam ta zauna a kan kujerarta, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ba yara aiki, ta fito da ni baranda. Da Hausa ta yi mini magana.

"Ƙanena, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Madam."

"Ya yi kyau. Da ni ce malamarka da na ba ka maki mai yawa. Amma ka ga ajin nan? In na rage wa ɗaya yau, gobe iyaye za su cika barandar nan, kowa ɗansa na musamman ne. Ni kaɗai ce. Kana tsammanin daɗi nake ji in ɗaga sanda?"

"A'a, Madam."

"Na ɗauka raini ne. Yarinyar da ta san labarin kowa a ajin nan, a ce shafi ɗaya ya gagare ta? Kuma ba wanda ya taɓa zuwa daga gidanku. Uwarta fa?"

"'Yar fari ce."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita ma nata na fari a hannun yayarta ya girma.

Ba ta ba ni duk abin da jawabina ya nema ba. Ta yafe tsohon tarin, ta ce dokar ninkawa ba za ta ƙara hawa kan yarinyar ba. Kwafi za ta riƙa yin rabin shafi, amma rabin nan ya zama mai tsabta, sauran darasin kuma ta zo ta faɗe shi da ka a tsaye kowace safiya. Za ta dawo da ita bencin gaba, ta ba ta goge allo da raba kaye, ko ta samu dalilin tashi da ba laifi ba ne. Sharaɗinta shi ne in riƙa sa hannu a ƙarƙashin aikin kullum, kuma in riƙa zuwa da kaina ina jin yadda ake ciki.

"Da bakinka," in ji ta. "Ba da wakiliya ba."

Abubuwa suka yi sauƙi, amma ba su zama labarin daɗi ba. Akwai yammacin da rabin shafi ke fita kafin rana ta sauka daga katanga, akwai wanda muke kaiwa magariba da layi uku da hawaye. Na koyi tsayawa in na ga ta cika, in rubuta wa Madam cewa iyakar abin da muka iya ke nan, in sa hannu. Karon farko da na rubuta haka sai da na yi gwaji a wata takarda. Sanda dai ta daina sauka.

Aka yi jarrabawa. Ta yi kyau a hadda da lissafin ka, ta faɗi a shifta kamar kullum, domin tana tsallake kalmomi ta wuce gaba. A karne ta ɗan hau, daga kusa da na ƙarshe zuwa wurin da ba ƙarshe ba ne amma ana hango shi. Ni na san nisan tafiyar da aka yi. A takarda kuwa abin bai fi taki ɗaya ba.

Maigidan ya dawo da mota cike da tattasai, aka jibge buhuna a zaure har rufi. Ya duba karne a tsaye, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya ce akwai motar da za ta Gidimuni ranar kasuwa, direban mutuminsa ne, a shirya yarinyar. Yayata ta ce to, idonta a kan ƙwaryar da take wankewa.

Washegari bayan la'asar na same shi a zaure yana duba ɗinkin buhuna. Ban rubuta komai ba wannan karon, ba don jarumta ba, don na ga inda rubutu ya kai ni. Ƙurar tattasai ta cika wurin. Na buɗe baki, atishawa ta riga magana.

"Alhamdu lillahi. Malam ƙarami, fita kafin ka mutu mana."

"Yaya, a bar ta."

Na sake yin atishawa. Ya juyo ya dube ni sosai, ina jin tun da na zo gidan bai taɓa jin na fara magana da kaina ba.

"Ka ga karne ɗin kuwa?"

"Na gani. Ba shi da kyau."

"To?"

Hawaye suna zuba daga idona, na tattasai ne, ko da yake ba zan rantse a kan dukansu ba. Na ce masa shi da kansa ya ce duka ne ba ya so, kuma dukan ya tsaya, ya kira ta ya duba hannunta. Na ce masa na je na ga malamar, an rage aikin, an dawo da ita gaba. Na ce yanzu da safe ita ke fara ɗaukar jaka, ba a janta. Ban jera su kashi uku ba, sun fito a hargitse, atishawa tana raba su.

"Kai ka je lekol ɗin? Kai?"

"Ni."

"Ka yi magana?"

"Daga baya."

Ya yi dariya har ya dafa buhu. Ashe labarin ya riga ni isa kasuwa ta bakin uban wani yaro ɗan ajinsu, so yake ya ji ko zan faɗa. Sannan dariyar ta ɗauke, ya zauna a kan buhun.

"In na bar ta, za ta gama lekol ɗin? Gaya mini gaskiya."

"Ban sani ba, Yaya."

"Duk karatun nan naka?"

"Ban sani ba. Amma in ta tafi, na san ba za ta gama ba."

Ya kira ta. Ta shigo da gudu, ta wuce shi, ta dawo. Ya buɗe tafin hannunta, ya duba, babu komai sai tawada. Ya tambaye ta ko tana son zuwa wajen kakarta, ta ce tana so ranar hutu, amma yanzu ba dama, in ta tafi ba mai goge wa Madam allo da kyau, sauran suna barin alli a kusurwa. Ya sake ta, ta fice.

"A bar ta zuwa damina," in ji shi. "Mu ga ƙarshen shekara. Amma kai ne a kai, ba ni ba."

Na ce na ji. Na fito tsakar gida ina share hanci, ina neman yadda zan gaya wa yayata ba tare da na sa ta jin kunya ba. Ban tarar da ita a madafa ba. Tana ɗakinta, ƙofa a buɗe, ta sauko da wata jaka daga bayan gado. Ban san da jakar ba. Kayan yarinyar ne a ciki, an wanke, an goge, an ninke ɗaya bayan ɗaya, da sabon takalmi, da ƙullin ƙuli-ƙuli a gefe, har da 'yar rigar sanyi saboda iskar tafki. Tana fitar da su tana mayarwa cikin akwati, bayanta a gare ni.

"Wai wa ya cusa tsummokaran waccan a jakar mutane?" in ji ta, da jakar take magana. "Gida duk ya cika da kayanta, ba inda mutum zai sa ƙafa."

Ta daɗe tana gyara ninkin wata riga da babu abin da ya same ta. Na bar ƙofar na je na ɗauko tabarma, domin akwai rabin shafi da ke jiranmu, kuma rana ta fara sauka.